Aikin Jarida a Lokacin Matsin Tattalin Arziki: Darasi Daga Kasuwar Maigatari

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san ba ƙaramar kasuwa ba ce. Makiyaya da fatake sukan koro shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Jamhuriyar Nijar, 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya su saya su loda a tireloli, manoman Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kuma su kawo gero da wake da riɗi da zoɓo. A tsakanin waɗannan akwai dillalai da 'yan canji da 'yan dako da mahauta da masu sayar da abinci, kowa da abin da yake jiran samu. Idan tattalin arzikin ƙasa ya girgiza, a irin wannan wuri ake fara jin girgizar, tun kafin wani ofishi a Abuja ya fitar da alƙaluma.

Sai dai idan aka saurari yadda kafofin yaɗa labarai suke kawo labarin matsin tattalin arziki, za a tarar galibi daga Abuja labarin yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. A karanto sanarwar hukuma, a fassara ta cikin gaggawa, a jero alƙaluma, a wuce zuwa labarin wasanni. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, labarin matsin tattalin arziki bai cika ba sai ɗan jarida ya kai shi kasuwa, ya auna shi da ma'aunin da mai sauraro ya sani, ya kuma faɗe shi da kalmar da ba za ta ruɗe shi ba. Wannan batu ya shafi mai koyon aikin malanta kai tsaye, domin daga ajinsa masu fassara labarai da masu sauraronsu za su fito.

2.0 Matsin da Alƙaluma Suke Gani da Wanda Jama'a Suke Ji

Masana tattalin arziki suna da ma'auninsu. Sukan tattara ƙimar dukkan kayayyaki da ayyukan da ƙasa ta samar a kowane zango na wata uku, idan jimillar ta ragu a zango biyu a jere, sai su ce tattalin arziki ya shiga koma-baya. Da wannan ma'auni Nijeriya ta shiga koma-baya sau biyu a 'yan shekarun nan. Na farko a shekarar 2016, bayan gangar ɗanyen mai da ake sayarwa fiye da dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a watan Janairun 2016. A wannan shekara tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kimanin kashi 1.6 cikin 100. Na biyu a shekarar 2020, lokacin annobar korona, inda ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a zango na biyu na shekarar, da kashi 3.6 a zango na uku.

Abin lura a nan shi ne, a shekarun 2023 da 2024 alƙaluma ba su nuna koma-baya ba. Hasali ma, sun nuna tattalin arziki yana ƙaruwa da kimanin kashi 3 cikin 100 a kowace shekara. Amma a waɗannan shekaru ne aka sha wahalar ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalinsu, aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗo daga kimanin 460 a dala ɗaya zuwa fiye da 1,500 a watan Fabrairun 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Ɗan jaridar da ya tsaya jiran masana su ce an shiga koma-baya kafin ya ɗauki abin da muhimmanci, ya bar babban labari ya wuce shi. Magidancin Gagarawa da ya koma ciyar da iyalinsa sau biyu a yini bai buƙatar wata hukuma ta sanar da shi halin da yake ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da yake buƙata shi ne a gaya masa dalili, da abin da ake hasashen zai biyo baya.

3.0 Inda Ake Samun Tangarɗa

3.1 Kalmar da Ba Ta Dace Ba

Yawancin labaran tattalin arziki da Ingilishi ake rubuto su, sannan a mayar da su Hausa. A nan ne tangarɗa ta farko take aukuwa. Alal misali, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta watan Disambar 2024 ta kai kashi 34.8 cikin 100, sai kuma ta ce ta watan Janairun 2025 kashi 24.48 ce. Mai fassarar da bai yi hattara ba zai iya cewa farashin kaya ya sauka. Wannan kuwa kuskure ne ta fuska biyu. Na ɗaya, hukumar ce ta sauya tsarin lissafinta, ta mayar da shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024, saboda haka adadin biyu ba da ma'auni ɗaya aka auna su ba. Na biyu, raguwar hauhawar farashi daban take da saukar farashi. A ƙaddara kwanon gero naira 1,000 ne. Idan ya tashi da kashi 35 cikin 100 a shekarar farko, ya zama naira 1,350. Idan a shekara ta biyu ya tashi da kashi 24, ya zama naira 1,674. Hauhawar ta ragu, amma kwanon ya ƙara tsada. Motar ta rage gudu ne, ba ta juya baya ba. Wanda ya ji a rediyo an ce farashi ya sauka, ya je kasuwar Gumel ya tarar da akasin haka, zai yanke hukunci cewa rediyo ƙarya take yi, kuma wuya ne ya sake amincewa da ita.

Haka kuma, akan ji ana amfani da kalmomin "karyewa" da "durƙushewa" da "koma-baya" da "matsi" kamar ma'anarsu ɗaya ce. Bahaushe kuwa ya san bambancinsu. Idan aka ce ɗan kasuwa ya karye, ana nufin jarinsa ya ƙare, ya tashi daga kasuwa. Wanda yake cikin matsi yana nan a rumfarsa, ciniki ne ya yi ƙasa. Kiran raguwar kashi 1.6 cikin 100 da sunan "karyewar tattalin arziki" ƙari ne a kan abin da ya faru. A ɗaya ɓangaren, lokacin da aka sanar a shekarar 2017 cewa Nijeriya ta fita daga koma-baya, ƙaruwar da aka samu a wannan zango ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, alhali yawan jama'a yana ƙaruwa da fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara. Wato idan aka raba wa kowa, rabon kowane mutum raguwa yake ci gaba da yi. Cewa "tattalin arziki ya farfaɗo" ba tare da wannan bayani ba, rabin gaskiya ne.

3.2 Adadin da Ba Shi da Ma'auni

Tangarɗa ta biyu ita ce jero manyan alƙaluma waɗanda ba a danganta su da rayuwar kowa ba. Biliyan da tiriliyan suna cika kunne, amma ba sa barin komai a zuciya. Mai sauraro a Sule Tankarkar da kwano da tiya da buhu yake lissafi, da kuɗin mota zuwa Gumel, da farashin buhun taki. Adadin da ba a mayar da shi ɗaya daga cikin waɗannan ba, har yanzu ba a fassara shi ba, ko da kuwa da Hausa aka karanta shi.

3.3 Tsoratarwa da Lallashi

Tangarɗa ta uku ta shafi niyya. Wasu kafofin sukan zaɓi kanun labari mai firgitarwa don a saya ko a saurara. Wasu kuma, musamman waɗanda abincinsu yake hannun gwamnati, sukan yi ta lallashi, kullum sauƙi yana nan tafe. Dukkansu biyun suna cutar da mai sauraro, domin da labarin da ya ji yake yanke shawara: ko ya sayar da hatsinsa da kaka ko ya ajiye, ko ya fitar da sansa yanzu ko ya jira, ko ya ci bashin taki ko ya haƙura. Labarin tattalin arziki ba hira ba ce kawai, dukiyar mutane ce take tafiya a kansa.

4.0 Yadda Ya Kamata a Yi

4.1 A Fara Daga Kasuwa

Akwai ma'auni mai sauƙi wanda masu bin diddigin ƙarancin abinci a yankin Sahel suka daɗe suna amfani da shi, wato yawan hatsin da kuɗin dabba ɗaya zai saya. Idan bara makiyayi ya sayar da akuya ya sayi buhun gero, bana kuma akuya irinta ba ta wuce rabin buhu ba, to matsi ya iso, ko alƙaluman Abuja sun nuna ko ba su nuna ba. Masanin nan ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a shekarar 1998, ya nuna a bincikensa cewa yunwa takan auku ko da abinci yana jibge a kasuwa, muddin abin da ke hannun talaka ya daina isa ya saye shi. An ga irin wannan a maƙwabtanmu a shekarar 2005, lokacin da farashin gero ya yi sama a jihohin Maraɗi da Damagaram, farashin dabbobi kuma ya faɗi. Da a ce kowane gidan rediyo a Jihar Jigawa zai riƙa sanar da farashin akuya da na kwanon gero a Maigatari kowane mako, yana kwatanta su, da jama'a da hukuma sun riƙa hango matsala tun tana nesa.

4.2 A Bi Sawun Dalili

Sanar da cewa shanu sun yi tsada bai wadatar ba, sai an faɗi abin da ya jawo. Kuɗin sefa da ake kashewa a Nijar an ɗaure shi da kuɗin yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi a gaban dala da yuro, ta faɗi a gaban sefa. Makiyayin da ya koro sa daga Dungas ko Magarya da sefa yake lissafi, dole ya nemi naira mai yawa kafin ya sallama. A lokaci guda kuma, hatsin Nijeriya yakan yi araha ga mai riƙe da sefa, sai a yi ta fitar da shi, farashinsa ya tashi a gida. Da wannan ɗan bayani, mutumin Gumel zai ga yadda shawarar da Babban Bankin Nijeriya ya yanke a watan Yunin 2023 ta sakin naira ta iso har cikin tukunyarsa.

Haka abin yake game da iyaka. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a watan Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na cikinsu, tare da Seme da Illela da Mfun. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, har zuwa watan Maris na 2024. A manyan jaridu an ba da waɗannan labarai a matsayin batun shinkafa da fasa-ƙwauri da siyasar ƙasashe. Amma ga ɗan dako da dillali da mai sayar da abinci a Maigatari, batun cin yau da na gobe ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: kasuwar da rabin masu cinta suke ƙetaren iyaka ba ta yiwuwa ta zauna lafiya idan an datse hanya. Ɗan jarida nagari shi ne wanda zai haɗa sanarwar da aka yi a Abuja da rumfar da aka rufe a Maigatari cikin labari ɗaya.

4.3 A Nuna Fuska Biyu

Kowane sauyin farashi yana da wanda ya ci riba da wanda ya yi asara. Faɗuwar naira ta cuci ma'aikaci mai albashi, amma ta ɗaga kuɗin riɗi da zoɓo, waɗanda ake fitarwa ƙasashen waje a sayar da dala. A shekarar 2025, da farashin hatsi ya sauko a kasuwannin Arewa, mazauna birni sun yi murna, manoman da suka sayi taki da tsada kuwa suka koka, domin wasu ba su mayar da abin da suka kashe ba. Labarin da ya tsaya a kan murnar mai saye kaɗai, ko kukan manomi kaɗai, ya bar rabin jama'a a waje. Bugu da ƙari, wajibi ne ɗan jarida ya tuna cewa duk wanda ya tambaya a kasuwa yana da buƙatarsa. Dillali da la'ada yake ci, mai saye so yake a ce kaya sun yi tsada, mai ajiyar hatsi so yake a ce za a yi ƙaranci. Bai kamata a gina labari a kan bakin mutum ɗaya ba, ko da shugaban kasuwa ne.

4.4 A Kwatanta Lokaci da Irinsa

Farashi a ƙasar Hausa yana bin yanayi. Hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da bazara zuwa tsakiyar damina, raguna kuma su tashi gab da Babbar Salla. Wanda ya kwatanta farashin watan Yuli da na watan Nuwamba ya ce an sami sauƙi, kaka ya gano, ba nasarar wata manufa ba. Daidai shi ne a kwatanta kakar bana da ta bara, bazarar bana da ta bara.

4.5 A Ba da Bayani Mai Amfani

A lokacin matsi ne jama'a suka fi buƙatar bayanin da za su yi aiki da shi. Lokacin sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, an sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sannan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A kasuwar dabbobi, inda da tsabar kuɗi ake ciniki kuma da yawa daga masu sayarwa ba su da asusun banki, sanin wace takarda ce take aiki a wannan mako ya fi kowane sharhi muhimmanci. Haka nan matsi yakan fito da 'yan damfara. A cikin koma-bayan 2016 ne shirin nan na MMM ya yaɗu da alƙawarin riba kashi 30 cikin 100 a wata, ya kuma rufe asusun mutane a watan Disamba na wannan shekara. Aikin jarida ne ta yi gargaɗi tun kafin a zuba kuɗi, maimakon ta zo ɗaukar hoton masu kuka daga baya.

5.0 Hujjar Masu Saɓanin Ra'ayi

Akwai masu ganin cewa yawan faɗar labarin matsi yana ƙara shi, domin jin za a yi tsada yakan sa a ɓoye kaya, jin banki yana tangal-tangal yakan sa a ruga a kwashe kuɗi. Wannan magana tana da tushe. A Ingila, a watan Satumbar 2007, bayan an ba da labarin cewa bankin Northern Rock ya nemi agajin babban bankin ƙasar, masu ajiya sun yi dogayen layuka suna cire kuɗinsu. Amma maganin wannan shi ne a faɗi labarin da cikakken bayaninsa. Idan an ce banki yana cikin matsala, a faɗi abin da hukumar inshorar ajiyar banki ta lamunce wa mai ajiya. Idan an ce hatsi ya tashi, a faɗi yadda damina take tafiya. Shiru ba ya hana firgici, sai dai ya bar wa jita-jita fili, kuma a wannan zamani na wayar hannu jita-jita ba ta jiran ranar kasuwa kafin ta yaɗu.

Wasu kuma za su ce gidajen jarida su ma matsin ya shafe su, ba su da kuɗin tura wakili kowace kasuwa. Wannan ma gaskiya ne. To amma tambayar farashi daga mutum uku a kasuwa ɗaya ta waya, da rubuta shi a littafi mako bayan mako, bai kai kuɗin halartar taron manema labarai ɗaya a otal ba. Abin da ya fi ƙaranci shi ne juriya da ɗaukar kasuwar ƙauye a matsayin tushen labari.

6.0 Abin da Ya Rataya a Wuyan Malamin Hausa

Tun daga lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a shekarar 1939, har zuwa buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957 da gidajen rediyon da suka biyo baya, Hausa ta nuna tana iya ɗaukar kowane irin ilimi idan ta sami masu kula da ita. Malamin Hausa yana cikin waɗannan masu kula. Idan yana koyar da fassara, ya kawo labarin tattalin arziki na gaske cikin aji, ya sa ɗalibai su bambance "hauhawa" da "tsada", su bambance "raguwa" da "karyewa". Idan yana koyar da insha'i, ya sa su riƙa rubuta farashin kaya biyar a kasuwar garinsu har tsawon zangon karatu, sannan su rubuta rahoto a kan abin da suka gani. Idan yana koyar da auna fahimta, ya horar da su yin tambayoyi huɗu ga kowane labari: wa ya faɗa, da me aka kwatanta, wa ya amfana, wa ya yi asara. Ɗalibin da ya tashi da wannan horo, ko ya zama ɗan jarida ko ya zama manomi, ba za a ruɗe shi da alƙaluma ba.

7.0 Kammalawa

A wannan maƙala an yi ƙoƙarin nuna cewa ma'aunin masana da halin da jama'a suke ciki ba kullum suke tafiya tare ba, kuma aikin ɗan jarida ne ya haɗa su. Zai yi haka ne idan ya zaɓi kalmar da ta dace, ya mayar da adadi zuwa kwano da buhu, ya bayyana dalili, ya saurari mai riba da mai asara, ya kuma guji tsoratarwa da lallashi. Hanyar gwada kowane labarin tattalin arziki da aka bayar da Hausa ita ce a tambayi kai: idan makiyayin da zai kai akuyarsa Maigatari ranar Alhamis ya saurare shi, shin zai tafi kasuwa da ƙarin sani a kan abin da zai tarar da dalilinsa? Idan amsar ita ce a'a, to da sauran aiki a gaban wanda ya rubuta shi.